Alkakin Shayi da Carbin Iya

Ranar da na shiga kasuwar Funtua neman ganyen shayi na awo, mai shagon farko ya miƙo mini kwali cike da 'yan jakunkuna masu zare. Na ce masa ba wannan nake nufi ba, ganye nake so baƙi, wanda ake ɗiba da cokali a ƙulle a takarda. Ya dube ni kamar na ce zan biya shi da wuri. Don kada in yi wa kasuwar ƙarya, na samu ganyen a shago na huɗu, wajen wani dattijo. Amma tun daga shagon farko na gane cewa wani abu ya wuce ni. Ban kai shekarun da ake gyara zama a ce "a zamaninmu" ba, kuma na san masu furfura za su yi mini dariya. Sai dai gidan da nake tunawa an raba shi uku, an shafe gurbin murhunsa da siminti, mai murhun kuma ta kwanta dama. Wanda gidan ƙuruciyarsa ya ɓace ya tsufa, ko da haƙoransa ba su fara girgiɗi ba. Abin da na gani da idona zan faɗe shi a matsayin gani, abin da aka ba ni labari kuma zan ce labari aka ba ni, domin ina tsoron in ƙara wa mamaci abin da bai faɗa ba.

Iya mahaifiyar babanmu ce, a Tsiga take zaune. Mu a Funtua aka haife mu, ba ma zuwa wurinta sai an yi hutun makaranta. Abin da ya fi zama a kunnena daga gidan nan shi ne sauti: ƙarar guga tana dukan bakin rijiya, luguden matan maƙwabta wanda ke amsa na gidanmu ta kan katanga, kukan amalanken shanu idan an ɗoro masa buhunan auduga, da muryar Bafulatanar da ke kawo mana madara, wadda ba ta taɓa yin sallama sau ɗaya ta tsaya ba. Da kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, sai bukukuwan aure su kankama, kuma a unguwar duk wadda za a kai wa 'yarta gara, tsakar gidan Iya take fara sallama. Yanzu gara a waya ake yin odarta, ta iso cikin robobi masu murfi, ƙamshinta kuma daga 'yar kwalba aka ɗiga shi. A wancan lokacin kwana uku ake yi ana aikinta, mata goma a kan tabarma, hira tana gaba aiki yana binta.

Alkaki dai kowa ya san yadda ake yin sa. A ɓarza alkama, a murje ta da mai, a kwaɓa a bar ta ta kwana ta yi tsami, a naɗa, a soya, sannan a tsoma a ruwan sukari da aka dafa ya yi danƙo. Inda na Iya ya rabu da na kowa shi ne a wannan ruwan sukarin. Kafin ta zuba sukari, takan tafasa ruwan, ta sauke, ta watsa ganyen shayi cikin tafin hannu biyu, ta rufe, sannan ta tace da farin ƙyalle ba tare da ta matse ba. Alkakin yakan fito da launin ja mai duhu kamar goron da aka tauna, zaƙinsa ba ya hawa kai, ƙamshinsa kuma sai ka haɗiye yake tasowa. Da irin wannan ruwan take dafa madarar gullisuwa. Da azumi kuma takan haɗa shi da jiƙon tsamiya da 'yar citta, ta sa a tulu ya yi sanyi, a sha bayan dabino. Ganyen nata a wani tsohon gwangwani yake zama, tare da kanumfari, da busasshen ɓawon lemo, da ƙwayoyin kajiji, kuma ba ta taɓa sabon ganye sai ya yi kwana arba'in a ciki. Game da inda ta koyi wannan, ruwaya biyu na ji. Babanmu ya ce wata maƙwabciya ce Buzuwa ta nuna mata tun tana amarya. Gwaggo, ƙanwarsa, ta ce kuskure ne: ragowar shayin kakanmu ya tuntsure cikin tukunya, Iya ta ƙi zubarwa. Ban iya rinjayar da ɗaya a kan ɗaya ba.

A gidan akwai taubashiyata, 'yar Gwaggo, wadda aka kai wa Iya riƙo tun daga yaye. Ta girme ni da wata bakwai kacal. Kamar yadda taubasai suka saba, kowace cikinmu tana cewa ɗayar baiwarta ce, manya suna dariya. Ni dai wasan a bakina ya tsaya, a zuciyata wani abu ne dabam. Ita ce ke kwana a bayan Iya. Ita ce ta san inda mabuɗin adaka yake. Idan Iya ta ce "miƙo mini abin nan," ba tare da ta nuna komai ba, ita ta san wane abu ne, ni kuwa sai in tsaya ina waige-waige kamar baƙuwar da aka aika ɗakin da ba ta taɓa shiga ba. Ina zuwa da sakamakon jarrabawa na ɗaya a aji, Iya ta shafa kaina ta ce Allah ya yi albarka, sannan ta juya ta ce da taubashiyata, "Duba mini wutar nan." Na sha yin fatan a ce ni ce na zo ta ƙarshe a aji, in dai ni za a ce wa in duba wuta. Ban taɓa yi mata fatan sharri ba, iyakar sanina. Amma na sha ƙirga sau nawa Iya ta kira sunanta a yini da sau nawa ta kira nawa, kuma ban taɓa yin nasara ba.

Tun ina ƙarama ina da halin rubuta abu. A wani hutun kaka, ina 'yar sakandare, na zo da sabon littafi na ƙudurta cewa zan kwashe sirrin alkakin nan kaf. Ana shirin garar 'yar wani maƙwabci. Na zauna kusa da murhu ina tambaya, Iya tana amsawa tana aikinta. Ruwa kwano nawa, ganye tafi nawa, sukari mudu nawa, duk na rubuta. Sai na zo kan abin da na lura ya fi komai muhimmanci.

"Iya, in an zuba ganyen, minti nawa ake barinsa?"

"Minti kuma? Ina na san minti, 'yar Funtua? Carbi guda."

"Carbi guda na me?"

"Na istigifari mana. In rufe tukunya in ja carbi, in na zagayo in tace. Ganyen shayi baƙo ne. In ya gaisa ya tashi, sai ya bar miki ƙamshi. In ya miƙe ƙafa, sai ya fara faɗin abin da ba a tambaye shi ba."

Taubashiyata tana naɗin alkaki ta ce, "Rubuta da kyau, Malama. In kin gama sai a soya littafin a kai wa amarya."

Matan suka yi dariya. Ni ma na yi, amma na ji ta har cikin haƙarƙarina. Na rubuta "carbi guda," na ja layi biyu a ƙarƙashi, kuma a gefe na ƙara da hannuna: ɗari ba ɗaya. Carbi ai carbi ne, ko yaron goye ya san adadinsa.

Kashegari da la'asar aka gama suyar kashin farko. Iya ta shiga ɗaki salla, carbinta na baƙin itace naɗe a wuyan hannunta kamar kullum, taubashiyata kuma an aike ta karɓo faranti a maƙwabta. Ruwa yana tafasa a babbar tukunya, gwangwani yana gefe. Na ɗauko carbin babanmu da na taho da shi a jakata, na sauke tukunya, na watsa ganye tafi biyu, na rufe. Na ja istigifari a hankali, da irin jan da na ji Iya tana yi, har na zagayo. Na tace ban matse ba. Na zuba sukari, na dafa ya yi danƙo, na tsoma alkaki faranti guda cur. So nake Iya ta fito ta tarar an gama, ta tambaya wa ya yi, a ce ni.

Ta fito, ta tambaya, aka ce ni. Ta ɗauki guda ta gutsura, ta tauna. Ni ma na gutsura. Zaƙin ya zo da farko, sannan wani bauri ya biyo baya ya kama harshe kamar an tauna ɗanyar bagaruwa.

Iya ta ce, "Baƙonki ya miƙe ƙafa."

"Wallahi carbi guda na ja, Iya."

"To, Allah ya karɓi istigifarin. Wannan dai ba ya shiga gidan surukai." Ta dubi taubashiyata da ta shigo da faranti a ka. "Ɗora wani ruwan." Sannan ta dafa kafaɗata, ba da faɗa ba, ta ce, "Ke je ki riƙe mana littafinki. Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. An raba wa yaran unguwa farantin nan, su ma wasu sun tofar. Ban gaya wa kowa da wane carbi na yi aiki ba, don ban ga abin faɗa a ciki ba. Abin da na ɗauka na tafi da shi Funtua shi ne cewa akwai wani abu da Iya ta gaya wa 'yar riƙonta ta ɓoye mini, kuma ban sake tambaya ba. An ce matambayi ba ya ɓata, amma mai hassada ba ya tambayar wanda yake yi wa hassada, gara ya kwana a daji.

Shekaru suka shuɗe. Na shiga jami'a na karanta ilmin sarrafa abinci, kuma ba zan rantse cewa farantin nan ba ya cikin dalilan zaɓina ba. Na koyi abin da ke kawo bauri a ganyen shayi idan ya daɗe a ruwan zafi. Na mallaki ma'auni mai nuna nauyin ƙwayar gero. Duk da haka, duk lokacin da na gwada awon Iya a ɓoye, baurin nan sai ya dawo. Na zargi saurin bakina na rage, abin ya ƙara muni. Na gwada rage lokacin da ka, wani zubin ya fito salam ba ƙamshi, wani zubin ya kusa, amma ban yarda da shi ba, domin ba abin da ta faɗa ba ne, kuma ni abin da ta faɗa nake so ya yi mini aiki kamar yadda yake yi wa waccan 'yar riƙon tata. Ina shekarar ƙarshe Iya ta rasu. Da aka zo rabon 'yan kayanta, Gwaggo ta ce marigayiya ta bar wasiyya da baki: gwangwani da carbi na 'yar riƙonta ne. Ni aka ba ni babbar kwalla mai zanen furanni, wadda ta fi su tsada nesa ba kusa ba. Na karɓa na yi godiya, na kai ta ƙarƙashin gado, ban sake buɗe ta ba sai bana.

Bana aka sa ranar auren ƙanwata, a Malumfashi za ta zauna. Uwar angon ta aiko wa Umma, mahaifiyarmu, da saƙo cikin raha, cewa ita fa shekarun baya ta ci alkakin shayi a garar 'yar wata ƙawarta a Tsiga, kuma da ta ji jikar mai alkakin ce za ta shigo gidanta, ta riga ta gaya wa danginta su zo da yunwarsu. Umma ta ce a kira taubashiyata, wadda ke aure a Kafur. Na ce ba sai an wahalar da mai goyo ba, ni zan yi. Abin da ya kai ni kasuwa neman ganye ke nan. Na haɗa shi da kanumfari da ɓawon lemo da kajiji, na ƙirga masa kwana arba'in a kalanda. Na yi gwaji uku. Na farko bauri, na biyu salam, na uku Umma ta gutsura ta ajiye sauran a gefen faranti. Saura kwana biyar a kai gara.

Umma ta ce, "Kin ga, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba sunanki za a kira a gidan nan ba, sunan ƙanwarki za a kira, ita za ta zauna da su. In an ce jikokin Iya sun kawo abin da ba shi ba, ke kina Funtua, ita ke jin gori. Ki shirya gobe ki tafi Kafur."

Na isa da hantsi. Na same ta a tsakar gida tana shanya barkono, goyo a bayanta. Ta ɗago ta gan ni da jaka da littafi, ta yi murmushin da na sani tun muna yara.

"Maraba da baiwata. Digirin ne ya ƙone, ko tukunyar?"

"Uwar ɗakinki dai. Gaisuwa na zo."

"Da littafi ake zuwa gaisuwa yanzu? Zauna in kawo miki ruwa, kya faɗa a hankali."

Sai da na sha ruwa, na tambayi maigidanta da yara da amfanin gona, har na rasa abin tambaya. Sannan na faɗa, idona a kan barkono. Na ce ta gaya mini abin da Iya ta gaya mata wanda ba ta gaya mini ba. Ta daina dariya. Ta ce wallahi ba ta san wani abu ba bayan wanda aka faɗa a gaban kowa, amma in tashi mu ɗora ƙaramar tukunya in gani da idona.

Ta ɗauko gwangwanin. Da ta buɗe shi sai da na kau da kai, don tsakar gidan Tsiga ce gaba ɗaya ta taso mini. Ruwa ya tafasa, ta sauke, ta watsa ganye, ta rufe. Ta zaro baƙin carbin nan daga wuyanta ta fara ja, da jan Iya sak, ba sauri ba nawa. Ni ma ina bin ta a zuci ina ƙirgawa. Ban kai ko kusa da ƙarshe ba sai na ga ta miƙa hannu ga farin ƙyalle.

Na ce, "Kin tsallake."

"Ban tsallake ko ɗaya ba."

"Ina ƙirgawa. Ba ki kai ɗari ba ɗaya ba."

Ta tsaya da ƙyalle a hannu ta dube ni. Sai da ta tace ruwan tukuna, don ba ta yarda baƙo ya miƙe ƙafa saboda gardamata ba, sannan ta ce, "Wai ke duk shekarun nan da cikakken carbi kike yi?" Ta miƙo mini shi. "Wannan ai guntu ne. Kuma ke kika guntule shi."

Ga abin da ta gaya mini, wanda ita ma a bakin Iya ta ji, don lokacin da abin ya faru dukanmu ba mu yi wayo ba. Wai an kawo ni hutu ina 'yar shekara uku, na tarar da ita zaune a cinyar Iya. Na ce a sauke ta a ɗora ni. Iya ta ce cinya biyu gare ta, in zo in hau ɗayar. Na ƙi, na ce duka nake so. Da aka ƙi sauke ta, na kama carbin da ke hannun Iya na fizge, ya tsinke, ƙwayoyin suka watse. Aka tsinci abin da aka tsinta, saura suka bi rariya. Iya ta shirya ragowar a sabon zare, ta ci gaba da jan istigifarinta a bakin tukunya da shi, tasbihin bayan salla kuma ta koma yi da gaɓoɓin yatsu. A garar da ta biyo baya mata suka ce alkakin bana ya fi na kullum. Babanmu ya sayo mata sabon carbi har sau biyu, tana ba da su kyauta.

"In an ce ta cike shi, sai ta ce a bar mata, wannan awon 'yar Funtua ne. In ba kya nan, kullum ta ɗora tukunya sai ta faɗa. Na ji har na gaji. Ni ina tsugune ina hura mata wuta hayaƙi na cin idona, ke kina can kina cin biredi, amma ke ake ambata."

Taubashiyata ta faɗi haka tana dariya, sai dai dariyar ba ta kai idonta ba, kuma na san irin wannan dariyar domin na shekara ashirin ina yin ta. Na sunkuyar da kai na ƙirga ƙwayoyin sau uku, adadi ɗaya nake samu.

Da na dawo na bi diddigin labarin, don ban yarda in rubuta abin da mutum ɗaya ya faɗa ba. Umma ta tabbatar da tsinkewar, ta ce har cizo na haɗa da shi, abin da taubashiyata ta rufa mini asiri a kai. Gwaggo ta tabbatar da cewa kafin nan alkakin yana da ɗan bauri, zuma Iya take ƙarawa ta rufe shi. Sun saɓa a wuri ɗaya: Umma ta ce rariya, Gwaggo ta ce kaji. Kalmar "awon 'yar Funtua" kuwa su biyun sun ji ta, kowace ta ɗauka na sani.

Taubashiyata ta zo Funtua da gwangwani, muka yi aikin kwana uku. Tukunya shida aka dafa, uku nata uku nawa, kuma na ajiye su dabam na sa Umma ta ɗanɗana ba tare da ta san na wa ba ne, ta kasa rabewa. Aka jera alkakin a kwallar nan mai furanni aka kai Malumfashi. Waɗanda suka raka gara sun ce uwar angon ta gutsura, ta rufe ido, ta ce shi ne. Sun kuma ce matan gidan suna ta faɗin cewa hannun Iya yana wurin 'yar riƙonta. Ba wanda ya gyara musu, kuma zan yi ƙarya in na ce ban ji zafi ba. Har yau ina jin zafin cewa ita ta ji Iya tana ambatona, ni ban taɓa ji ba ko sau ɗaya.

Da za ta koma Kafur na raka ta tasha. Ta mayar da carbin wuyanta ta tura shi cikin hijabi, ta rungume gwangwani a cinya. Mota tana shirin tashi ta leƙo ta taga.

"Malama, wai nawa kika samu da kika ƙirga? Ni ban taɓa ƙirgawa ba."

Na ce, "Ke da ke da carbi, me za ki yi da lissafi?"

Ta ce in ji da rowata, baiwar banza. Motar ta tashi.

Adadin yana cikin littafina, a ƙarƙashin layi biyun nan, inda na soke ɗari ba ɗaya. Na yi alkawari a farko cewa zan faɗi duk abin da na gani, kuma na cika, ban da wannan. Ta samu cinya, ta samu gwangwani, ta samu carbi. Ƙwayoyin da suka bi rariya nawa ne, ni na zubar da su, kuma ni kaɗai na san ko guda nawa ne.